Komawa HD: Shin sauya kyamarori kaɗai ya isa?

Ka tambaya ko tashar talabijin za ta iya komawa HD, wato hoto mai tsabta sosai, da sayen sababbin kyamarori kawai. A'a, malam. Kyamara ce mafi sauƙi a aikin.

Fara da wayoyi. SDI ita ce ƙa'idar aika hoton dijital ta waya, SD kuma shi ne tsohon matakin hoto kafin HD. Siginar SD-SDI megabit 270 take ɗauka a daƙiƙa, HD-SDI kuwa gigabit 1.485, 3G-SDI kusan gigabit 3. Tsohuwar wayar coax, wato wayar hoto mai jan ƙarfe a tsakiya, da ta yi wa SD aiki a mita 300, da ƙyar za ta kai mita 100 da HD. Kuma dijital ba ya dusashewa a hankali kamar analog: hoto na nan garau, sai kawai ya ɗauke. Duba kawunan BNC, wato mahaɗan da ke bakin wayar, duk su zama masu ohm 75. Mai ohm 50 guda ɗaya na iya jawo tartsatsi a hoto.

In za ku bi ta IP, wato hanyar sadarwar kwamfuta, da ƙa'idar SMPTE ST 2110, ku tanadi suwic, wato na'urar da ke haɗa wayoyin sadarwa, na gigabit 10 ko sama, ku kunna IGMP snooping, saitin da ke kai sigina ga masu buƙatarta kaɗai, in ba haka ba multicast, wato sigina ɗaya da ake aika wa na'urori da yawa, zai cika kowace kafar suwic ɗin. Agogon PTP, mai daidaita lokaci tsakanin na'urori, dole ne, domin hoto da sauti daban suke tafiya. In ya kuskure, baki da murya sun rabu.

A wajen watsawa, zangon DVB-T2 (tsarin watsa talabijin na dijital ta eriya) mai megahaz 8 yana iya ɗaukar kusan megabit 40 a daƙiƙa. Kada ku cusa tashoshi fiye da kima, ƙwallon ƙafa ne, saboda saurin motsinsa, zai fara tona asiri da murabba'ai a allo.