Amsa ga ɗan'uwa mai tambaya a kan 504 ta mahaifinsa

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru, don wallahi kamar ni ka rubuta wa. Ka ce Peugeot 504 ce ya bar muku, tana cin kuɗi wajen gyara, ƙannenka na cewa a sayar, uwargida ma ta fara magana, kai kuma zuciyarka ta ƙi, kana son sanin har yaushe mutum zai ci gaba da riƙe irin wannan mota. Ni ma 504 ce a hannuna, ta tsohona, haɗin Kaduna, kuma duk abin nan da ka lissafa na sha shi.

Kafin maganar inji da taya, akwai maganar da ta fi su nauyi, ka ce "ya bar muku", ba ka ce "ya bar mini" ba. In ba a raba gado ba motar nan ba taka ba ce kai kaɗai, akwai haƙƙin mahaifiyarku da ƙannenka mata da maza a cikinta, har wanda ke goye. Ka samu malami da mutum biyu da suka san kasuwar mota a yi mata kuɗi, in kana so ka riƙe ta ka biya kowa rabonsa ko a cire daga naka kason, a rubuta a sa hannu, sannan ka je a juya kart giris, wato takardar mallakar motar, ta koma sunanka. Ni haka na yi, na biya a hankali har na gama, kuma daga ranar babu wanda ya sake ce mini a sayar. Yawancin surutun ƴan'uwa ba ƙin motar ba ne, ganin kuɗinsu suke a tsaye ƙarƙashin bishiya. Kada ka ji haushinsu.

To amma abin da ya ƙona mini rai a kan motar nan ba ƴan'uwa ba ne, bakanike ne. Kuma ba baƙo ba, yaron da tsohona ya ɗauko yana ƙarami ya kai shi koyon aiki, a gidanmu yake cin tuwo, mu muke kiransa yaya. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019 kayan gyara suka yi wuya a garin nan namu na Damagaram, daidai lokacin ne motar ta ɗau zafi a hanyar Mirriya, ruwa ya haɗu da mai, juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji (kulas) da jikinsa, ya ƙone. Na kai mishi na ce yaya ga motar Baba. Ya dafa ƙirji ya ce ai motar ubansa ce, in je in kwanta. Yau ka je ya ce kaya na hanya daga Kano, gobe ya ce an riƙe su a Maimujiya kan iyaka, jibi ya ce wanda ya aika ba shi da lafiya, ni kuma ina ta ba shi kuɗi, har damina ta wuce aka shiga hunturu mota na nan a bakin garaji an rufe ta da buhunna. Ran da na ɗaga buhun na buɗe kafo, Malam, karbirater ɗin asali babu, an ɗaura wani tsohon gwangwani, lagireto babu, delko mai raba wa buji wuta babu, har fitilun gaba ya cire ya sa wa motar wani mai jigilar fasinja. Kujerar direba, wadda tsohona ya zauna a kai shekara da shekaru har ta ɗauki siffar bayansa, na tarar da ita a ƙasa yaran garaji suna zama a kai suna shan shayi.

Ban iya magana ba. Na tsaya ina kallon kujerar nan hawaye na zubo mini a gaban yara, ni da furfura. Shi kuwa ko kunya, wai ai aro ya yi, zai mayar. Aro! Kayan mamaci, kayan mutumin da ya ɗauke ka daga yawon titi ya sa maka sana'a a hannu. Mutane suka ce in kai shi komisariya, tsohuwata ta ce kul, ba za a ce ɗan gidanta ya sa an kulle wanda ya ci abinci a kwanonta ba, in bar shi da Allah. Na bar shi da Allah ɗin, amma har yau in mun haɗu a wajen jana'iza ko ɗaurin aure hannu kawai nake ba shi, bakina ba ya iya ce mishi yaya. Abin da ya fi ciwo ma shi ne ya san darajar kayan, ya san ba za a sake samun irinsu sababbi ba, da saninsa ya zaɓi masu kyan ya kwashe. Da amalanken shanu aka jawo mini ita gida, unguwa na kallo.

Don haka ko me za ka yanke, kada motar nan ta kwana a garajin kowa. A zo gida a gyara a gabanka, ko ka kai da safe ka zauna a wajen ka dawo da ita da yamma. In aikin babba ne a sauke injin a kai, jikin ya zauna a gida. Kuma duk abin da aka cire a ba ka tsohon a hannu.

Kan tambayarka ta har yaushe, ni dai ra'ayina ba shekaru ake ƙirgawa ba, jikin ake dubawa. Injin 504 ba ya ƙarewa da sauƙi, saboda silindansa irin na shemiz ne da ake zarewa a sa sababbi tare da fistan da sigman, wato zobban fistan, injin ya dawo kamar an sake haihuwarsa, kuma babu kwamfuta a ciki, duk bakanike mai hankali zai iya. An fara yin ta a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, can sun daina yin salun ɗin, wato mai but a baya, a 1983, amma masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. Shi ya sa har gobe in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka samu kayanta, na hannu da sababbi, ko da yake sababbin a yi hattara, da yawa jabu ne. Amma jikinta a haɗe yake gaba ɗaya, salun ɗin ba ta da shasi daban da za ka ɗora wani jiki a kai. In tsatsa ta ci dogayen ƙarafan ƙasa, ko wajen da amortiser na gaba ke ɗaure, ko inda ƙafafun baya suka kama jiki, to mai walda zai yi ta lika maka faci kana biya, motar kuwa ta riga ta tafi. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba, ka sa a hau da ita rami ka shiga da tocila da sukundireba kana dannawa. Mu a nan Allah ya taimake mu da busasshiyar ƙasa, tsatsa ba ta cin mota kamar a bakin teku, sai dai wadda aka bari ruwan damina na kwana a cikinta saboda robar gilashi ta mutu.

Na biyu kuma, kana hawanta? Wannan ka amsa wa kanka tsakani da Allah. Mota kamar doki take, wanda aka ɗaure ba a hawa shi ke fara lalacewa. In ta tsaya wata da watanni esansi ya bushe ya zama danƙo a karbirater, birki ya kame, tayoyi su tsage da ranar Afrilu, ɓeraye su shiga su cinye wayoyi. Ni duk Juma'a da ita nake zuwa masallaci, wani lokaci in zaga ta Birni in wuce ƙofar fada in dawo ta kasuwar Dolle, don dai injin ya yi zafi sosai mai ya zagaya. In ka san ba za ka iya ko wannan ba, gara ka ba wanda zai hau ta tun tana tashi da kanta, domin ranar da ta zama ta turawa masu yanka ne kaɗai za su zo taya ta, a kilo za su saye ta.

Af, maganar ruwa. Don Allah kada ka yarda a riƙa zuba mata ruwan rijiya ko na ƴan garuwa a lagireto, yana tara farin dutse ya toshe hanyoyin, kuma kulas ɗinta na alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi. Ka sayi ruwan lagireto na galan. Idonka kullum a kan allurar zafi, tana hawa ka tsaya, ko a tsakiyar daji ne. Matatar iska kuma lokacin hunturu a riƙa dubawa akai-akai, ƙurar nan ita ke cin sigman. Mai ma ka sha a gidan mai, tunda ga matatar mai ta SORAZ nan a hanyar Tanut tun 2011, na kwalba na bakin hanya ba ka san me aka gauraya ba. Bidanji, wato canjin man inji, a kan lokaci, buji da bis filatine na cikin delko ka ajiye na ko-ta-kwana a cikin akwatin gaba.

Wani abu da ba na so in ɓoye maka, don ina ƙaunar motar nan amma ba ta kai ran ƴaƴana ba. Ba ta da jakar iska, birkinta irin na da ne, ga manyan motoci da ramuka a hanya. Ni na daina ɗaukar iyali a cikinta zuwa Maradi ko Yamai, doguwar tafiya bas muke shiga. Cikin gari da Mirriya da Matamaye iyakarta ke nan yanzu. Kuma na yi wa uwargida alkawari tun farko, kuɗin hatsi da na lakwal da na magani ba za su taɓa shiga motar ba, abin da ya yi saura ne nata, wata in babu saura ta jira. Ka zauna da taka ku yi irin wannan maganar, ka gaya mata a fili me motar take a wajenka, mata suna ganewa in an gaya musu gaskiya, abin da ba sa so shi ne su ga ana ɓoye musu rasit. In har ka ga ka fara cin bashi don gyara, to lokacin ya yi, ka sayar ba tare da jin ka ci amanar Baba ba, shi addu'arka da sadaka yake buƙata, kuma na tabbata da yana raye ba zai yarda jikokinsa su rasa don ƙarfe ba.

In ta kai ga sayarwa kada ka ba dillalin farko da ya zo yana bubbuga ƙofa yana cewa ta mutu, haka suke yi don su karya kuɗin. Ka tabbata asirans da bizit, wato inshora da takardar gwajin lafiyar mota, suna raye, takardu cikakku suna ƙara mata daraja ƙwarai. Ka nemi dattijon direba ko wani mai sha'awarta da gaske, ka tambaye shi me zai yi da ita. Ni akwai wanda ya zo har gida da kuɗi a hannu, da na tambaya ya ce injin yake so zai ɗora a wata bashe, wato a-kori-kura, mai ɗaukar itace, na ce ya sha ruwa ya tafi.

Ba ka faɗa mana ba ko salun ce ko familiyal mai dogon jiki, kuma giyarta a sitiyari take ko a ƙasa. Ka duba ƙarƙashin nan da na ce ka ɗauko hoto mu gani. Lokacin da nake harhaɗa kayan da aka kwashe mini na sayi delko biyu a Kano, ɗaya na nan a ɗaki a naɗe cikin tsumma, in naka ne ke ba ka wahala ka yi magana in aiko maka da yaro, ba sai ka biya ba.