Lokacin Taɓa Fayil Ba Shaida Ba Ne

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Zariya. Na duba fayil ɗin lissafin kuɗina a kwamfuta, sai na ga an rubuta cewa jiya da azahar aka buɗe shi, alhali ina kasuwa. Yarona kaɗai ke shagon. In sallame shi?

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka kuskura. Irin wannan tambaya tana ɓata mini rai, domin da ita ake raba bayin Allah da abincinsu ba su ji ba, ba su gani ba.

Windows na ajiye wa kowane fayil lokuta uku: na ƙirƙira, na gyara, da na taɓawa ta ƙarshe. Wannan na ukun bai san bambancin mutum da manhaja ba. Manhajar kashe cutar kwamfuta ta karanta fayil tana bincike, ta taɓa shi ke nan. Haka mai ɗaukar kwafin ajiya, haka mai tsara jerin fayiloli don saurin nemowa. Ba mamaki ma kai da kanka ka motsa lokacin wajen leƙe-leƙenka.

Kuma agogon nan ba abin dogaro ba ne. Tun zamanin Windows Vista kamfanin Microsoft ya kashe sabunta shi a NTFS, wato tsarin ajiye fayiloli na Windows, don rage wa faifai wahala. A Windows 10, daga 2018, aka bar wa tsarin ya zaɓa da kansa ko ya kunna ko ya kashe. Ko a kunne yake, yana iya jinkirta rubuta sabon lokacin har awa guda. Ka buga umarnin fsutil behavior query disablelastaccess a tagar rubuta umarni (Command Prompt) ka ga halin da kwamfutarka ke ciki. Ashe a kan wannan za ka kori yaro? In kuɗinka kake tsoro, lokacin gyara za ka duba. Sannan ka buɗe wa yaron asusunsa na shiga kwamfuta daban, ka sa wa naka kalmar sirri. Kullum nake faɗin wannan, amma har yanzu masu shago na barin kowa a asusu ɗaya.

Tambaya: Malam, a Linux na kunna wata manhaja sau biyar yau, amma umarnin ls -lu, mai nuna lokacin taɓa fayil, bai nuna canji ba. Ta lalace ne?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa. Tun 2009, daga kernel (zuciyar Linux) sigar 2.6.30, Linux na bin tsarin relatime: ba ta sake rubuta lokacin taɓawa sai idan an gyara fayil ɗin bayan taɓawar baya, ko kuma tsohon lokacin ya haura awa 24. Ni noatime, mai hana rubuta lokacin taɓawa gaba ɗaya, nake sa wa nawa a fayil ɗin saitin faifai (fstab), in huta.

Tambaya: Malam, me ya sa filashina ke nuna ranar taɓa fayil kawai, babu awa?

Amsa: Tsarin ajiye fayiloli na FAT32 ke kansa, shi kuwa kwanan wata kaɗai yake riƙewa a wannan gurbin. Babu abin gyarawa.