Kota ko giranda?

Yayanka zai sa wa banɗakinsa tayil da kansa, shi ne ya aiko ka tambaya kota (abin yankan tayil na hannu) zai saya ko giranda (injin yanka mai faifai)? Kai kuma ka kwaso tambayar ba ka ce masa wane irin tayil ba. Ku yaran yanzu so kuke a faɗa muku suna kawai, ku ruga kasuwar Ƙofar Ruwa ku sayo.

In siramik ne na bango, kotar hannu ta ishe shi. Ja ɗaya, danna ɗaya, kada ya bi layi sau biyu. Sai dai miƙaƙƙen yanka kaɗai ta iya. Wurin famfo da soket da kwanar ƙofa sai giranda mai inci 4 da rabi. Awo da ja layi kuwa, wanda bai iya ba ya bar aikin.

Faifan girandar shi ne maganar. Na tayil bakinsa a haɗe yake sumul. Mai tsaga-tsagan nan na kankare ne da bulo. Na san wannan da kuɗina. Wani Alhaji ya ba ni falo, tayil fosilin 60 da 60, mai tauri, irin wanda ƙaramar kota ba ta iya fasawa daidai. Ranar Juma'a na tafi masallaci, shi kuma ya ga kamar aikin wasa ne. Ya ɗauko girandar magina da faifan kankare, ya hau yanka na gefen bango, wai yana rage mini aiki. Na dawo na tarar kowane baki ya ɓaɓɓalle kamar ɓera ya gaigaya, kwali guda ya tashi aiki. Na nuna masa, ya yi dariya ya ce sikatin, wato layin da ake sa wa a gindin bango, zai rufe. Bai rufe ba. Ranar biya sai ga shi da biro, ya cire kuɗin kwalin daga ladana, wai yarona ne ya ɓata. A gaban baƙinsa ya faɗa, ko kunya babu! Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ka gaya wa yayanka in fosilin ne, ya yi hayar babbar kota irin Rubi ko injin yanka mai ruwa. In giranda zai riƙe, ya sa tabarau da takunkumi, ƙurar tayil huhu take ci. Kuma ya ƙara kwali ɗaya a kan lissafinsa, don sai ya fasa.