Filin Lambu: Furen da na dasa a Makka yana ƙonewa, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce wata 'yar uwarku daga Sharar Mansur a Makka. Dan Allah taimako nake nema, mun je Ɗa'ifa ziyara a watan Mayu sai na ga wata 'yar bishiya a mashtal (wurin sayar da dashe) mai fure ruwan hoda kamar an yamutsa yadi, mai shagon yace sunanta tamar hinna afranji, na siyo na dasa a hosh ɗinmu (tsakar gida) yau sati uku kenan. Toh yanzu bakin ganyen duk ya bushe yayi ja, furen ma yana zubewa tun bai buɗe ba, kullum ina yayyafa mata ruwa safe da yamma. Maigida yace taki take so, maƙwabciyata kuma tace in sare kanta zata sake tohowa. Wlh raina a ɓace yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai dan Allah ki ajiye wuƙar nan, shi ma Alhaji ki roƙe shi ya dakata da maganar taki tukuna. Bishiyarki ba mutuwa take ba in sha Allah, jijiya ce bata kama ƙasa ba, kuma duk aikin shekarar farko na jijiya ne, fure sai daga baya.

Wannan da kika siyo ita ce Turawa ke kira crape myrtle, a takardar mashtal zaki ga an rubuta Lagerstroemia indica. Asalinta daga can Sin da maƙwabtanta ne, kuma dangin lalle ce da rumman, gida ɗaya suka fito, Larabawa ma sun laƙa mata hinna, wato lalle (amma kar ki daka ganyen, baya kama hannu). Kinga ita a Ɗa'ifa ta tashi, garin da ke kan dutse wajen mita 1,800 sama da teku, garin rumman da wardi, sai gashi rana ɗaya an sauko da ita Makka a farkon zafi, inda ake haura digiri 45, ko mutum ne ai sai ya ji a jikinsa. Da Nuwamba ko Disamba kika dasa da bata sha wannan wahalar ba, amma tunda an riga an dasa sai mu lallaɓa ta.

Maganar ruwa ita tafi damuna. Yayyafin nan da kike yi saman ƙasa kawai yake jiƙawa, curin ƙasar da ta zo da shi daga mashtal ɗin yana nan a bushe a ciki, kuma duk jijiyarta yanzu a cikin wannan curin take. Ki yi mata ɗan kwarmi kewaye da gindi kamar yadda ake wa mangwaro a gida, ki zuba bokiti guda a hankali bayan sallar Asuba ya tsuma sosai. A zafin nan kullum ne, in an shiga Oktoba sai ki koma bayan kwana biyu ko uku. Kafin ki zuba ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi har tsawon yatsa ki bari sai gobe, domin kwanciyar ruwa ma ruɓar da jijiya take.

Sannan wane ruwa ne? Wannan bakin ganyen da ya ƙone sau da yawa gishiri ne. In ruwan tahliya ne, wato ruwan teku da aka cire wa gishiri, irin wanda ake turowa daga matatar Shu'aiba da sauƙi, amma in wayit (tankar ruwa) ne ya ɗebo daga rijiya toh ki duba saman ƙasar, zaki ga fari-fari kamar kanwa. Ni abin da nake yi a nawa gidan, ina tara ruwan da ke ɗiga daga mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) a jarka, bashi da gishiri ko kaɗan kuma kyauta ne, ina jin takaici in na ga yana tsiyaya a bango ya tafi a banza. Sau ɗaya a wata ki kwarara ruwa mai yawa ya wanke gishirin zuwa ƙasa. Taki shi ma gishiri ne a wajen jijiya mai rauni, shi yasa nace a bari sai ta fara fitar da sabon toho, wajen Fabrairu, a sa ɗan kaɗan.

Ki tona gindin kaɗan ki gani ko kin binne ta da zurfi, wurin da jijiya ta fara ya kamata ya zo daidai da saman ƙasa. Ki shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon itace kaurin yatsa uku, amma kar ya taɓa jikin itacen. Rana tana so sosai, awa 6 ko fiye, sai dai bana ki ɗaura mata koriyar ragar inuwa ta ɓangaren yamma har zafi ya sauka. Furen da ya rage ma ki tsinke shi, na san da ciwo amma ƙarfinta yake ci.

In nan gaba sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore, ƙarancin ƙarfe ne saboda ƙasar nan akwai alli, ki ce wa mai mashtal ya baki hadid (sinadarin ƙarfe), jan garin nan. In kinga ganye yana danƙo da baƙi-baƙi darɓa ce, ruwa da ɗan sabulu a fesa da yamma.

Sare kai kuwa ban yarda ba ko ta girma, yana ɓata mata siffa ta fito da rassa marasa ƙwari. A ƙarshen sanyi ake rage busassun rassa da 'yan tsiron gindi kawai. In ta zubar da ganye lokacin sanyi kar ki tumɓuke, halinta ne, ki ɗan kankare ɓawon da farce, in kinga kore tana raye. Ki sake rubuto mana bayan wata ɗaya mu ji ko ta toho, a gaida Alhaji da yara.