Ka haƙa ramin tanki, ina takardar?

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Ina da fili a bakin titi cikin unguwa, gidaje na bayansa da gefe ɗaya. Ƙanen matata ya ce in yi gidan mai, shi zai ji da takardu don yana da mutane a ofis. Na ba shi naira miliyan 3, mun haƙa ramin tankuna, mun ɗaga katanga. Yanzu maƙwabta sun kai ƙorafi, an zo an shafa jan fenti an ce a dakata. Ni na san hassada ce. In kai su kotu ne, ko in ga mai unguwa da ɗan abin goro?

Amsa: Alhaji, na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda za ka ce ka ga takarda ɗaya da idonka. Ban gani ba. Ko rasit na miliyan ukun nan ba ka ambata ba. Kai da ba ka sallamar buhun masara sai ka soka masa bututu ka ga ƙwaya, yaya aka yi ka zuba kuɗi a rami a kan "ina da mutane"?

Je ka ɗauko takardar mallakar filin ka duba abin da aka rubuta a kanta. In filin gidan zama ne, to tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar birni a hannun gwamna take, kuma ba ka da ikon mai da shi wurin kasuwanci sai an amince maka da canjin manufa. Bayan wannan akwai izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Sannan akwai NMDPRA, hukumar tarayya mai kula da gidajen mai, wadda ta gaji tsohuwar hukumar DPR bayan dokar man fetur ta 2021: ita ke zuwa ta duba ko wurin ya dace, ta ba da izinin ginawa kafin a sara ƙasa, lasisin sayarwa kuma sai an gama. 'Yan kwana-kwana ma suna da ta cewa. Wanne daga cikin waɗannan surukinka ya ajiye maka a hannu?

Na taɓa zama da wani mai sayar da yadi da ya yi irin wannan da ɗan baffansa. Har tankuna uku ya binne, ya kafa rumfa. Da magana ta je gaban alƙali aka ce ya kawo izini, sai ga fom da aka cike ba a taɓa miƙawa ba. Shekaru ya yi yana biyan lauya da mai gadi, ƙarshe aka tono tankunan ya sayar da su a kan asara. Shi da ɗan baffan nan yanzu ko a jana'iza ba sa haɗa sahu.

Maganar hassada kuma ka ajiye ta. Mutumin da ɗakin 'ya'yansa ke jingine da katangarka, rijiyarsa taku kaɗan daga ramin tankinka, yana da dalili. Tanki in ya tsufa yana yoyo, ruwan unguwa ke sha. Kuma tun gobarar tankar mai a Majiya ta Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta ci mutane fiye da 150, ba wanda zai ga tanka tana juyawa a ƙofar gidansa ya yi shiru. In ka kai su kotu ba takarda, kanka ka kai. Mai unguwa kuwa ba ya ba da izinin gidan mai, goronka zai zama abin faɗi ne kawai a kanka.

Wai ma wa ya ce maka gidan mai rijiyar kuɗi ce? Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 jarin ya yi nauyi. In lita tana wajen naira 900, tanka ɗaya mai lita 45,000 ta haura miliyan 40, ribar lita kuma ba ta taka kara ta karya ba, ga dizal na janareta, ga yaran famfo, ga farashi ya faɗi man yana cikin tankinka. Ƙirga gidajen man da ke rufe a kan hanyarka ta zuwa kasuwa.

Ka sallami magina yau, kada a ƙara bulo ɗaya a kan jan fentin nan. Ka je ofisoshin da ƙafarka, tare da lauya ko ƙwararren mai tsara birane da kai ka ɗauka, a duba ko akwai fayil da sunanka. In an ce wurin bai dace ba, ka cike ramin ka nemi izinin shaguna ko sito, wanda ka san kansa. Surukinka kuma ka kira shi gaban babban yayansu, ba ta waya ba, ya zo da rasit ko ya zo da kuɗin. Uwargida ta ji daga bakinka kafin ta ji daga nasa.