Rigar jijiya ta lalace, tana sake fitowa kuwa?

Tambaya: Salam likita. Ƙanwata ce 'yar shekara 26, idonta na hagu ya dushe kusan sati uku sai ya dawo, bayan wasu watanni kuma ƙafarta ta mutu kamar ba tata ba. An yi mata hoton MRI aka ga fararen tabo a ƙwaƙwalwa, wai rigar jijiyoyinta ce ke cinyewa, ana zargin cutar MS (multiple sclerosis). Don Allah mece ce wannan rigar, in ta lalace tana dawowa ko shikenan?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba ta lafiya. Eh tana iya dawowa, amma ba ko yaushe ba kuma ba duka ba, shi ya sa nake so ki fahimci su waye ke ɗinka rigar tukuna.

Ita dai rigar sunanta mayelin, kuma kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 nata kitse ne, shi ya sa ɓangaren ƙwaƙwalwar da take da yawa yake fari. Kamar robar da ake naɗe wayar lantarki da ita take, sai dai ita ba a jere take ba, gaɓa-gaɓa ce da 'yan ƙananan giɓi a tsakani, saƙo sai ya riƙa tsalle daga wannan giɓin zuwa wancan. Jijiyar da ba ta da riga saƙonta bai fi mita 1 ko 2 a daƙiƙa ba, mai riga kuwa yana iya kai mita 120. Toh kin ga in rigar ta zube a jijiyar ido dole gani ya dushe.

Masu yin ta wasu ƙwayoyin halitta ne daga dangin giliya, wato ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyi. A ƙwaƙwalwa da laka ana ce musu oligodendrosayit, wani likita ɗan ƙasar Sifen, Pío del Río Hortega, shi ya fayyace su a 1921, kuma guda ɗaya tak tana iya miƙa hannuwa ta naɗe jijiyoyi har kusan 50. A jijiyoyin hannu da ƙafa kuma ƙwayoyin Schwann ne ke aikin, kowacce gaɓa ɗaya take riƙewa.

Ga abin da ya fi damuna da shi, kuma mutane da yawa ba a faɗa musu. An daɗe ana ɗaukan waɗannan ƙwayoyin a matsayin masu naɗi kawai, sai binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna ashe ciyar da jijiyar ma suke yi, suna tura mata sinadarin laktet ta ƙarƙashin rigar don ta samu ƙarfin aiki. Wato in oligodendrosayit ta mutu ba tsirara kaɗai aka bar jijiyar ba, har da yunwa, in abin ya daɗe a haka ita kanta jijiyar sai ta tsinke, kuma jijiyar ƙwaƙwalwa in ta tsinke ba ta sake tohowa yadda za ta koma aiki. Riga kam ana sakewa, domin akwai 'ya'yan waɗannan ƙwayoyin a warwatse cikin ƙwaƙwalwar babba, kusan kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta, da zarar an samu rauni sai su tafi wurin su girma su yi sabon naɗi, ko da yake sabuwar rigar takan fi ta asali siranta. Wannan gyaran, da kuma lafawar kumburi, su ne suka dawo wa ƙanwarki da idonta. Amma ƙarfin gyaran yana raguwa da shekaru da kuma yawan maimaituwar hari a wuri ɗaya.

A MS garkuwar jiki ce ke rikicewa ta afka wa rigar. Wani likita mai suna Charcot ne ya bayyana cutar a Faransa tun 1868, ƙiyasin 2020 ya ce mutum miliyan 2.8 ke da ita a duniya, ta fi kama mata kuma galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40 take bayyana. Magungunan da ake da su yanzu, irin su okirelizumab da natalizumab, hana sabon hari suke yi, ba sa ɗinka riga. Akwai tsohon maganin alaji (ƙaiƙayi da atishawa), kilemastin, da aka wallafa sakamakon gwajinsa a 2017 aka ga ɗan alamar gyara a jijiyar ido, amma kaɗan ne ƙwarai kuma yana sa barci, don Allah kar a saya mata.

Don haka kar a ce ai ta samu sauƙi bari a jira, cutar tana iya ci a ɓoye alhali mutum yana jin garau. Ta koma wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a tabbatar da abin, mai yiwuwa a ɗebi ruwan laka a bayanta. Ku roƙa a duba sinadarin B12, don ƙarancinsa ma yana cin mayelin kuma allura na maganinsa. Sannan lallai a yi gwajin jini na akwaporin-4, saboda akwai cutar NMO mai kama ido da laka kamar MS, ita wasu ƙwayoyin giliya daban take fara kai wa hari, kuma wasu magungunan MS irin su intaferon ƙara tsananta ta suke yi.

In kin ga alamun sun ɗan dawo bayan wanka da ruwan zafi ko zazzaɓi kar ki firgita, jijiyar da rigarta ta yi rauni ba ta jure zafi, jiki na hucewa suke lafawa. Amma sabuwar alama da ta wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba, wannan a kai ta asibiti a ranar.