Ku Tambaya: Littafin zane a ajin tarihi

Tambaya: Ni malamar tarihi ce a wata sakandare a Bauchi. Da na ɗauko gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka sai ɗalibai su hau hamma. Ƙanena ya kawo min littafin zane mai suna March, amma ina gudun iyaye su ce wasa na kawo aji. Ina shawara?
Malama daga Jahun

Amsa: Malama, ki shiga aji da shi hankali kwance. Mai ba da labarin, John Lewis, ganau ne, a jikinsa abin ya faru. Ranar 7 ga Maris 1965 yana kan gaba cikin mutum kusan 600 da suka taso daga Selma neman 'yancin jefa ƙuri'a, 'yan sanda suka tare su a gadar Edmund Pettus, suka fasa masa kai da kulki. Shekararsa 25. Bayan wata biyar aka sa hannu a dokar kare 'yancin zaɓe.

Ni dai kajinsa ne suka fara kama ni. Yana yaro a gonar iyayensa a Alabama, yakan tara kaji ya yi musu wa'azi, wadda ta mutu har jana'iza yake mata. Na karanta wurin nan da 'yar yayata mai shekara 14 muna kan tabarma bayan isha'i, ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Da muka kai inda ake dukan ɗalibai a Nashville a 1960 don kawai sun zauna a wurin cin abincin fararen fata, sai ta yi tsit. Ta ɗora yatsa a fuskar ɗaya ta ce, "Goggo, me ya hana shi ramawa?" Wallahi a duk darasin wannan tambayar nake so ɗalibi ya yi, kuma zanen ne ya jawo ta.

Iyayen da suka yi ƙorafi, ki gaya musu masu gwagwarmayar ma sun karanta wani littafin zane mai shafi 16 da ya fito a 1957, kan ƙaurace wa motocin haya a Montgomery.

Da yake da Turanci yake, ki riƙa karantawa a fili kina warwarewa da Hausa. Sannan ki dawo da su gida: Sa'adu Zungur ɗan Bauchi ne, ga Gambo Sawaba da ta sha ɗauri kan 'yancin matan Arewa. Kowa ya je ya tambayi kakarsa ko ta jefa ƙuri'a a 1979, wa ya raka ta, wane zane ta ɗaura, ya zano amsar a hotuna huɗu a jere cikin littafin aikinsa.